Gayyatar Bikin Harid

Unguwar Mansur, Makka
Watan Sha'aban

Zuwa ga yayar su Taha,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki Marwan da mahaifiyarsa da duk mutanen Farasan. Mu nan lafiya lau, sai zafi da ya fara leƙowa tun bazara ba ta shiga ba, sai kuma gwiwar nan tawa da kika sani.

Ƙaninki Taha ya ce kina ƙorafin kin yi ta kiran wayata ban ɗauka ba. Ba ƙi na yi ba, miƙa masa nake yi, kuma ai haka muke tun kina ƙarama. Shi ya sa na zauna na rubuta, shi zai ɗauki hoton takardar ya tura miki. Na san karatun Hausarki ɗingishi yake yi, ki bi shi a hankali, ba sauri muke ba.

Ya ba ni saƙonki na gayyata. Wai bayan ƙaramar Sallah akwai wani kifi mai baki irin na aku, sunansa harid, da yake zuwa bakin gaɓar tsibirinku sau ɗaya a shekara. Wai sai a tare shi da rassan itace, a yi kururuwa, manya da yara su auka cikin ruwa kowa ya kama rabonsa. Na yi dariya har na ƙware. Mu da muka tashi a tsakanin duwatsun Makka, ina muka san ana yi wa kifi biki? Amma da ya zo kan cewa a kwanakin ne matan gari suke taruwa a gidan kowace amaryar bana, a yi mata ado a zaunar da ita a yi ta waƙa, sai na daina dariya. Ashe ke ma za a zaunar da ke. Allah ya nuna mana, ya kau da bakin mutane.

To, ga yadda na tsara. Gwaggonki Shatu ce za ta zo, Taha ya rako ta. Za su shiga motar Jizan, daga can su hau wannan jirgin ruwa da kuke kira abbara. Ta riga ta kai ɗinki, tana ta cika baki wai ba ta tsoron teku, ita da ko tsanin lantarki na Harami sai an riƙe mata hannu. Zan haɗo ta da yaji da kuka da daddawa, don na san kifi safe da yamma ya ishe ki, da turaren wuta da humra, da atamfar nan shuɗiya da kike yawan shafawa a akwatina kina zaton ban gani ba.

Ni dai ba zan zo ba, kuma kin san dalili. Ke ce ta fari. Uwa ba ta zama kusa da 'yar fari a cikin taro, ba ta kama sunanta, ba ta yabonta a gaban mutane. Haka uwata ta yi wa yayata tun muna Sudan, haka kakata ta yi mata. Ko ranar bikinki ai gidan maƙwabta na wuni, Shatu ce ta tsaya a kan komai, kuma ba abin da ya ragu. Yanzu a ce in ratsa teku in zauna gefenki ana kiɗa ana kallonmu? Haba, ina zan sa fuskata?

Ki gaishe da Ummu Marwan. Ki riƙa shan ruwa, ki rage fita cikin rana.

Wassalam,
Ummu Taha

Unguwar Mansur, Makka
Watan Ramadan

Zuwa ga yayar su Taha,

Assalamu alaikum. Barka da shan ruwa, ya ibada, ya jikinki? Allah ya karɓa mana. Ina gaida Marwan. Mu lafiya ta jiki kam akwai ta, amma na yi kwanaki ina ɗaukar biro ina ajiyewa.

Ban san me surukarki ta faɗa miki da ta dawo daga umara ba. Gara ki ji daga wurina, don ni na yi ɓarnar.

Ta kira Taha ta ce tana nan Makka a unguwar Jarwal, tana so ta zo mu sha ruwa tare. Na yi murna sosai. Tun azahar nake tsaye, na dama kunun gyaɗa, na soya ƙosai da sambusa, na yi shurba irin tasu don kada ta ga abincinmu kaɗai. Na shimfiɗa sabuwar darduma. Ta iso gab da kiran salla, muka buɗe baki da dabino, muka yi magariba, muka zauna gaban abinci.

Ita ta fara kawo zancenki. Ta ce kina da ladabi, kina da tsabta, kin koyi gasa kifi irin nasu har kin fi 'ya'yanta. Wallahi zuciyata ta cika da farin ciki. Amma kin san abin da uwar kirki take yi a wurinmu idan suruka ta yabi 'yarta. Sai na sunkuyar da kai na ce ai yarinyar ba ta san komai ba, ga son barci, ga taurin kai, gishiri ma ba ta iya sawa ba, sai dai su yi ta haƙuri da ita, mu ma haƙurin muka yi. Na faɗa da Larabcina mai kyau, har ina jin daɗin na iya karɓar baƙuwa. Jira nake ta ce a'a, ta ƙara yabo, in ƙara ƙasƙantarwa, mu yi dariya, kamar yadda muke yi da matanmu na unguwar Tandabawi.

Ba ta yi dariya ba. Ta ajiye cokali ta dube ni.

Daga nan ne na ji abin da ba ki taɓa gaya min ba. Ta ce tun ranar da aka kai ki matan tsibirin suke tambaya ina uwar amarya. Waɗanda suka zo biki sun koma sun ba da labari cewa uwar tana raye, tana lafiya, gidanta ne ma aka yi taron, amma ta fice ta bar shi. Sun lura ba kya waya da ni. Gari ƙarami ne, kowa ya san abin da ke tukunyar kowa. Wasu suka ce ban so auren ba don su masunta ne. Wasu suka ce a'a, sai dai in yarinyar ta yi wani abin da uwa ba ta iya yafewa kafin aure. Ta ce ita ta yi ta kare ki, har ta ɓata da ƙanwarta a kan haka. Ta ce ta zo gidana ne musamman don ta ji kalma ɗaya mai daɗi daga bakina, ta kai musu kafin a zaunar da ke ranar harid. Sai ta tambaye ni yanzu me za ta kai.

Na so ƙasa ta tsage in shige. Na fara bayani cewa al'adarmu ce, so ne yake sa haka, amma Larabcin da nake taƙama da shi ya watse, sai kame-kame nake yi. Ta saurare ni da haƙuri, mace ce mai kirki. Ta ce ta lura tun da ta zauna ban ambaci sunanki ba, to in faɗe shi sau ɗaya ta ji, ta san ba fushi nake da ke ba.

Na buɗe baki. Allah shi ne shaidata na buɗe. Sunan da ni na zaɓa, na raɗa wa marigayi babanku tun kina ciki, ya ƙi fita. Abin da ya fito shi ne "yarinyar". Ta jira kaɗan, ta yafa mayafinta, ta yi godiya, ta ce za ta kama isha'i a Harami. Ko ƙosai ɗaya ba ta ci ba.

Shatu da na gaya wa cewa ta yi Larabawa ne ba su da kara, in rabu da su. Da farko na ji sanyi, na ce haka ne. Amma da na zo wanke kwanuka sai na tuna ba a Mansur kike ba, inda kowace mace ta san me shirun uwa yake nufi. Kina can tsakiyar ruwa ke kaɗai, ba uba, kuma uwar da ta rage ta zauna ta lissafa wa surukarki aibobin da ba ki da su. Ba ki da son barci. Ke ce kike tashi kafin kowa ki ɗora ruwa lokacin da babanku yake jinya. Gishirin kuwa, ni ce nake cikawa, kowa a gidan nan ya sani.

Kunya nake ji, irin wadda ban taɓa ji ba. Ban san me zan ce ki gaya musu ba.

Ki yafe min. Ki sa ni a addu'a a goman ƙarshe.

Wassalam,
Ummu Taha

Unguwar Mansur, Makka
Watan Shawwal

Zuwa gare ki,

Assalamu alaikum. Barka da Sallah, Allah ya maimaita mana. Ina fata kina lafiya, ke da Marwan da Ummu Marwan. Wannan takardar ni zan ɗauki hotonta da kaina, na sa Taha ya koya min. In ta zo a karkace ki juya wayar.

Na ji saƙon muryar da kika turo. Na shiga ɗaki na rufe ƙofa na saurara, ban miƙa wa kowa ba. Kin ce in kwantar da hankalina, ba sai na zo ba, kin san al'ada ce kuma kin yi ta yi musu bayani. Da kin tsaya nan da na samu wurin ɓuya. Sai a ƙarshen saƙon kika ce ke ma wani lokaci, in sun dame ki da tambaya, kikan tambayi kanki ko gaskiyarsu ce.

Wannan maganar ta hana ni sakat. Ni duk tsawon shekarun nan na ɗauka kin sani. Na ɗauka in na zuba miki ƙashin da kike so a miya ban ce komai ba, kin ji. Ashe ke a nan aka haife ki, a makaranta kina ganin iyayen ƙawayenki suna rungume su a bakin ƙofa suna kiran sunansu da ƙarfi, ni kuwa ina tsallaken titi ina yi wa Taha alama ya kamo ki.

To, zan zo. Taha ya kama mana wuri a abbara, mu uku. Shatu ta kumbura fuska, ta ce zan zubar mana da mutunci a gaban baƙi, na ce mata ai na riga na zubar da wanda ya fi shi. Yanzu ta sauko, har tana ba ni shawarar in tauna citta kada ruwa ya juya min ciki. Ina tsoron tekun nan, ba zan ɓoye miki ba, rabona da shi tun ina yarinya da muka ƙetaro. Na sayi sababbin takalma masu taushi saboda gwiwa. Atamfar nan shuɗiya kuwa na fasa aikowa a ɗaure, na raba ta biyu na kai wa tela, ya yi miki ya yi min. In za su kalle mu, su kalle mu da kyau.

Saura abu ɗaya, kuma shi ya fi teku ba ni tsoro. Na yi ta gwada faɗin sunanki a kicin in na ga ba kowa. Rannan na kusa kaiwa rabi Taha ya shigo neman ruwan sanyi, sai na mayar da shi tari. Har ya ce in je asibiti.

Jiya bayan la'asar na tafi Harami ni kaɗai. Na ce a cikin ɗawafi kowa kukansa yake yi da yarensa, ba wanda ya san ni, ba mai sauraron wata tsohuwa. Kin san ko a addu'a cewa nake yi Allah ya tsare min yayar su Taha, don na san Ya san wadda nake nufi. Na yi zagaye na farko ban iya ba. Na yi na biyu. Mutane suna tura ni, gumi yana shiga idona, ina jin muryar uwata tana cewa kul. Can da na zo daidai Maƙamu Ibrahim sai na hango ki a zuciyata zaune cikin ado, an kewaye ki ana waƙa, matan nan suna leƙen ƙofa su ga ko wani naki zai shigo. Sai na ɗaga hannu na ce ya Allah ka tsare min Rumasa'u.

Da ƙarfi ya fito, fiye da yadda na yi niyya. Wata mata 'yar Indunusiya da ke gefena, ba ta san ki ba, ba ta san ni ba, ta ce amin. Na yi kuka har na ƙarasa ɗawafin, kuma ban daina faɗa ba.

Ki gaya wa Ummu Marwan ta ajiye min wuri a gefenki, ba a bayan ɗaki ba. Ki ce mata kalmar da ta zo nema ina tafe da ita, zan faɗa a gaban ƙanwarta da duk wadda ta yi tambaya. Wataƙila in rufe fuska da mayafi, kada ki yi min dariya.

Ki zo tashar abbara ki tarye mu. Ba ki san yadda sunanki yake a bakina ba, don haka in kin ji wata murya da kika saba da ita tana kiransa daga cikin jama'a, kada ki tsaya neman wata. Ki amsa.

Wassalam, sai mun iso.
Mahaifiyarki,
Sa'adiya, Ummu Rumasa'u