Rini da Tarko

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafar Inna, yaya yara? Ni lafiya lau, sai abin da ba a rasa ba.

Na ji Inna na gaya wa maƙwabta wai rini da farauta nake karanta, don na taɓa ambata mata rini da tarko. Kar ka gyara mata. Wani gilashi ne ake shafa wa rini, ya mayar da hasken rana lantarki. Ƙwayoyin lantarkin kan faɗa tarko a hanya, su fito, su sake faɗawa. Aikina in lissafa a kwamfuta nawa ke isa wayar lantarkin. Lissafina ya ce yawancinsu, gilashin da ke teburina ya ƙaryata ni. Malamina ya daina amsa saƙona, an ma ba wani kujerata a ɗakin bincike.

Don Allah ka saya wa Inna fitila mai caji. Ta ƙi saye, wai ni zan kawo wa gidan wuta. Ka ce ni na aiko.

A lissafina, kowace ƙwaya tana kuɓuta daga tarko a ƙarshe. Ina jin nan ne na yi kuskure.

A sa ni a addu'a.

Ƙaninka