Ba Zan Kawo Shi Yaye Ba

Anka, ranar Lahadi.

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ƙafar ta yi sauƙi, mutanen Bagega kuma duk lafiya. Mu nan alhamdu lillahi.

Saƙonki ya iso, cewa in kawo Abdussalam ki yaye shi kamar sauran jikokinki. Amma na ji Yaya Mainasara ya koma kawo dutsen zinari gida, ana daka shi a tsakar gida. Wai kin ce kina sharewa tas, babu komai a ƙasar.

Inna, bari in gaya miki abin da na koya wa ɗalibaina makon nan. Masana kimiyya sun ce ko an kwashe komai daga wuri, iska da haske da ƙura, wurin ba ya zama shiru. Wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa da ido ba ya gani suna ta ɓullowa suna ɓacewa. Wasu masanan har suna ganin duniyar nan, da rana da taurari, daga irin wannan motsin ta tsiro, don in an haɗa ƙarfin da ke cikin abubuwa da wanda ke jan su zuwa ga juna, sai su cinye juna, a tashi ba komai. Allah ne masani. Yara na ta dariya, ni kuwa tsakar gidanmu nake gani.

Shekarar da gubar dalmar da ke cikin dutsen zinari ta kwashe yara ma ai gidan a share yake ƙal. A nan ƙanena Makau ya yi rarrafe yana tsotsar yatsu, har ya kama jijjiga muka binne shi. Aka zo aka kankare ƙasar gidan, aka zuba sabuwa, ga shi kun sake kawo dutsen. Wallahi raina ya ɓaci, Inna, kuma da ke ya fi ɓaci, don a cinyarki ya cika.

Ki ce boko ya ɓata ni, na yarda. Zan shafa maɗaci a nono in yaye ɗana da kaina. In kina son ganinsa ki zo Anka, ɗakinki na nan. Amma kafin ki ɗauke shi sai kin yi wanka, kin canza zane.

Ki gaishe da Kulu. Ki yafe mini.

'Yarki,
Sa'adatu