Hannun da na hana, shi ƙasa ke nema

Malam mai fili, ka taimake ni da shawara kafin Asabar mai zuwa, don abin ya fi ƙarfin tunanina.

Ni tela ne, shekara talatin ina kan keke. Ɗana na uku bahago aka haife shi. Tun yana rarrafe na ɗaura yaƙi da hannun nan. Ya miƙa shi cikin kwano, in buge. Ya ɗauki alli da shi, in buge. Akwai wata rula ta katako da nake jan layi da ita a kan yadi, ita ta yi aikin, har yau tana rataye a ƙusa bayan ƙofar shago. Ba mugunta ba ce, haka aka yi mana. Kuma na so ya gaje ni, almakashi kuwa ba ya cin yadi a hannun hagu. Mahaifiyarsa ta sha cewa in sassauta, ban ji ba. Ya koyi ci da rubutu da gaisuwa da dama, na ɗauka na gama aiki.

Ashe a makaranta ƙwallon hannu yake yi, da hagun. Yanzu shekararsa goma sha tara, an ɗauke shi cikin tawagar matasa ta ƙasa. Za su buga gasar ƙasashen yankinmu, ƙasa shida, a babban ɗakin wasanni na garinmu, ranar Asabar ɗin za a fara. Kocinsu ya ce bahago a wasan nan zinariya ne, shi ake ajiyewa a gefen dama don hannunsa ya fi fuskantar raga, kuma cikin yara goma sha shida su biyu ne kacal.

Makon jiya na rufe shago na je kallon wasan gwaji ban gaya masa ba. Na zauna a layin gaba. Kafin ya gan ni ya ci uku. Muna haɗa ido sai hannun ya koma bayansa, yadda yake ɓoye shi yana ƙarami. Aka ba shi ƙwallo, ya mayar da ita dama ya jefa, ta tafi cikin 'yan kallo. Sau uku haka, aka cire shi. Koci ya same ni cikin ladabi ya roƙi in riƙa saurare daga gida, in ba haka ba ɗayan bahagon zai sa. Da yaron ya dawo gida sai ya durƙusa ya ba ni ruwa, da dama.

Na ɗinka sabuwar riga saboda ranar nan. In je, ko in zauna?

Uban Bahago

Ya kai Uban Bahago,

Mun karanta wasiƙarka sau biyu, karramawar da ba mu cika yi wa kowa ba. Sannan muka ɗauki almakashin uwargida da hannun hagu domin tantance hujjarka. Hujja ta tabbata. Labulen ɗakinmu ne bai tsira ba.

Bari mu fara wanke ka, gwargwadon abin da sabulu zai iya. Abin da aka zuba maka shi ka zuba wa ɗanka, kuma yaron da ƙasa ta ba riga amma yake durƙusa wa ubansa, ba a banza ya tashi ba. Sai dai duk zurfin karatunmu na tarihi, ba mu taɓa cin karo da telan da ya shekara goma yana yaƙar dukiyar ƙasa da rula ba. Kai ne na farko.

Koci ma yana kan gaskiya. Ƙwallo a raga aka ɗauke shi nema, ba sulhun iyali ba. Amma maganinsa na mako guda ne: zamanka a gida zai ceci gasa, ya bar hannun da tsoronsa.

Ga hukuncin wannan kujera. Kada ka yi masa jawabi, domin iyaye maza in sun tashi neman afuwa sukan ɓuge da wa'azi. Hannu ka koya wa tsoro, da hannu za ka yi magana. Ka kira shi shago, ka sauko da rular nan ka miƙa masa. In ya kawo dama, ka ƙi saki har sai ya kawo hagu. Daga nan ku fita tsakar gida, ka tsaya jikin bango a matsayin mai tsaron raga, ka umarce shi ya jefo da hagu, da ƙarfinsa, yana kallon idonka. Sau goma. Na farko za su zo da ladabi. Ka jira wadda za ta zo babu ladabi, kada kuma ka kauce.

Bayan haka ka bar masa zaɓi. In ya ce ka zo, ka hau can layin sama, kada ka sake komawa na gaba. In ya yi shiru, ka sa rigarka ka zauna gaban rediyo ba tare da fushi ba. Gasar ƙasa shida ba a gama ta rana ɗaya.

Allah ya ba yaron sa'a, ya sa wa hannunsa albarka, kai kuma ya ba ka haƙarƙari mai ƙwari.