Hadiza da Rautar da Ta Janye Shela

Bagudo, daren Laraba, bayan Isha'i

Sau uku ɗalibata Hadiza tana faɗuwa gwajin nan, har ta ce in ta sake, garinsu Kaoje za ta koma. Aikin shi ne ta saita rauta, na'urar da ke raba intanet, yadda rautar za ta riƙa duba layin waje; in bai amsa ba, ta daina shelanta wa sauran na'urori cewa hanya tana wurinta.

Yau na zare wayar layin waje a gaban aji. Rautar ta janye shelarta, layin da aka ajiye na ko-ta-kwana ya ɗauka. Hadiza ta ci!

Na ce ta yi mana bayani. Ta ce, "Malam, babana mai fito ne. Ba ya kiran fasinja in ya san jirginsa ba zai kai gaci ba."

Na juya ina goge allo don kada su ga idona.