Na Ɗora Wa Mahaifiyar Maigida Kaya a Ka

Anti Hafsah,

Don Allah ki taimake ni, kuma ki saka wasiƙar nan a shafinki a wannan makon, domin idan ta kai mako mai zuwa ban san inda zan kasance ba. Ki sakaya sunana.

Ni mai zane ce a kwamfuta, irin masu yi wa kamfanoni tambari, abin da muke ce wa logo. Shekarata ashirin da shida, 'yar Kagoro ce ni amma a Mpape na tashi. Wannan ne babban aiki na farko da na samu, kafin shi sai katin biki da kalandar coci. Wani wurin wasan yara ne a hanyar Orozo, mai lilo da dawakan ƙarfe masu juyawa da ɗan jirgin ƙasa da ke zagaye tafki. Mai wurin dattijo ne ɗan Gbagyi, bari in kira shi Baba Yamusa, a gonar gidansu ya kafa shi shekara ashirin da biyar da suka wuce. Yanzu 'yarsa Cynthia ke riƙe da wurin, ita ta ɗauke ni aiki.

Tsohon tambarin wani mai fenti ne ya zana shi da hannu a allon bakin ƙofa. Mace ce ɗaure da zane a ƙirji, ɗauke da ƙatuwar ƙwarya cike da doya, yara uku na biye da ita, ga bishiya, ga dutse, ga rana, ga sunan wurin da rubutu mai lanƙwashe-lanƙwashe. Anti, cunkus kamar kasuwar kifi ta Kado ranar Asabar. Idan aka ƙanƙanta shi a waya ba a ganin komai sai dabbare-dabbare. Cynthia ta ce sababbin wuraren wasa na cikin gari suna kwashe mana iyalai mu kuwa muna zaune da allon zamanin da. Ta ce in yi na zamani, a buɗe shi ranar bikin cika shekara ashirin da biyar, a yi wa Baba ba-zata. Shi a saninsa an sauke tsohon allon ne don a sabunta fenti.

Na cire yaran, na cire bishiya da dutse, na bar matar ita kaɗai cikin da'ira, launi biyu. To a tsohon zanen ƙwaryar a kan kafaɗarta take, ta bayan wuya. Da na sa ta cikin da'ira sai zanen ya karkace, matar ta fito kamar mai ƙusumbi. Ni da iyayina na ce ai mai fentin ne bai iya ba, wa ke ɗaukar doya a kafaɗa? Na ɗaga ƙwaryar na ɗora mata a ka, ta zauna daram a tsakiya. Har na wuni ina yabon kaina. Cynthia ta gani a waya tana cikin mota, ta ce ya yi, a wuce. An buga rigunan ma'aikata, an buga tikiti, Oga Godfrey mai haɗa alluna ya ƙera babba mai fitilu ya kafa a ƙofa, an lulluɓe shi da tamfol.

Ranar Talata na kai rigunan. Mama Luba, ƙanwar Baba ce, tana sayar da kunu a bakin ƙofar tun ranar da aka buɗe wurin. Ta ɗaga riga ɗaya ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Wannan ba maman mu ba ne." Ta gaya min macen Gbagyi ba ta ɗora kaya a ka, a wurinsu kai shi ne sarkin jiki, nauyin tunani ya ishe shi, ba a ƙara masa wani. Kuma matar da ke allon ba ƙirƙirar mai fenti ba ce. Mahaifiyarsu ce, daga hotonta ɗaya tilo aka zana ta, ta rasu ana saura wata biyu a buɗe wurin. Ta ce da wannan kafaɗar ta ciyar da su bakwai. Ta ninke rigar ta miƙo min, ba ta ko ɗaga murya ba. Da zagina ta yi da ya fi min sauƙi.

Abin kunyar, a Mpape na girma. Na sha ganin matan Gbagyi suna gangarowa daga dutse da itace a kafaɗa, ban taɓa tambayar dalili ba.

Saura kwana goma sha ɗaya. An gayyaci dagaci da dattawan garin, da fasto da liman, kuma Baba da hannunsa zai ja igiyar tamfol. Yana da hawan jini, Anti. Da na rufe ido sai in gan shi tsaye da igiya a hannu, kowa ya yi tsit. Tsoro nake ji ƙwarai, abinci ba ya shiga cikina, wayata na ƙara gabana ke faɗuwa don ban san ko Mama Luba ta kai wa Baba magana ba. Ban gaya wa Cynthia ba, tana da zafi, kuma ita ta tsaya min lokacin da yayanta ya ce a ba wani kamfani aikin. Wata zuciyar na ce min in yi shiru, ai ita ta amince. Wata na ce min in kashe waya in hau motar Kafanchan in gudu garinmu. Kuma in faɗa miki gaskiya, har yanzu ina ganin zanena ya fi kyau, wannan ma yana ba ni kunya. Me zan yi?

'Yarki mai fargaba, daga Mpape

*

'Yata,

Ki sha ruwa, ki ci abinci, ki bar motar Kafanchan ta tafi ba ke. Wanda ya gudu da irin wannan magana yakan tarar ta riga shi isa gida.

Zan fara da ba ki gaskiyarki. Ke da Cynthia ba ku yi laifi ba da kuka nemi tambarin da za a gane a waya. Iyayen yau a waya suke zaɓar inda za su kai yara, kuma wurin da ya ƙi canzawa wata rana zai rufe ƙofa, allon da ake ji da shi ya tafi wurin 'yan gwangwan. Rage tarkace aikinki ne, kin kuma iya shi. Inda kika zame shi ne kin ga abin da ba ki gane ba kika ɗauka kuskure ne. Matambayi ba ya ɓata, ga Mama Luba zaune a bakin ƙofa kullum da kika wuce. Shi kuma Baba, a wurinsa wannan allon hoton uwarsa ne ya rataye a ƙofar gonarta. Wanda zai taɓa irin wannan sai ya yi sallama.

Ki sami Cynthia yau, ido da ido, kada ki tura saƙo. Ki ce kin yi kuskure, ki faɗi abin da Mama Luba ta faɗa, ki tsaya nan. Kada ki tuna mata ita ta amince, ta sani, kuma zafin hakan zai fi naki, tun da kakarta ce. Idan ta yi faɗa ki bar ta ta yi. Kada kuma ki je hannu rabbana. Ki zauna tun yanzu ki sake zanen, ƙwarya ta koma kafaɗa. Idan matar ta ƙi shiga da'ira, da'irar za ki jefar. Ki nemi hoton na asali ki duba yadda take tsayuwa, ƙusumbin da kika gani ina zaton daga hannunki ne. Sannan ku kira Godfrey ku ji ko fuskar allon kaɗai za a iya sakewa cikin kwanakin da suka rage. Riguna da tikiti a ajiye su gefe, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Maganar ba-zata kuwa a soke ta. Ku ɗauki Mama Luba ku je wurin Baba a gida. Idan har ba ta kai masa magana ba, lokaci ta ba ki, kada ki ɓata shi. Ki durƙusa ki gaishe shi, ki nuna masa zanen da kika gyara, ki faɗi wanda kika ɓata da bakinki. Ku ba shi shawarar a sabunta fentin tsohon allon a mayar da shi bakin ƙofa, sabon ya yi aiki a waya da tikiti da riguna. Babu dokar da ta ce sai ɗaya ya kori ɗaya.

Ba zan yi miki alkawarin aikinki zai tsira ba, wannan yana hannun Cynthia da hannun Allah. Amma dattijo yakan yafe kuskuren da aka kawo masa har ɗaki. Abin da za ki tsare, ko da aikin zai tafi, shi ne kada mutumin nan ya ja igiya da hannunsa a gaban mutanen garinsu ya tarar da baƙuwa a wurin uwarsa.

Allah ya sanyaya zuciyarsa, ya ba ki bakin magana, ya sa albarka a hannunki. Ki tashi ki je yau.

Anti Hafsah