Moɗar da Na Ɗaura wa Jan Zare

Zuwa ga jikata Zuwaira,

Gaisuwa mai yawa, ko da yake na san ba ki karanta wannan. Da kina nan ma dariyar rubutuna za ki yi, ki ce kaji sun bi ta kan takarda.

Labarin gida: gero ya yi dama-dama, akuyarki ta haifi biyu, ɗiyarki Nana ta fara lakwal, makarantar boko. Bakinta irin nawa ne, Allah ya shirye ta.

Akwai abin da ban faɗa miki ba. Kin tuna ranar da kika yi yaji, bayan mijinki Sale ya dawo daga ci-rani yana tari, ya ƙi zuwa gidan likita, ke ma ya hana ki? Kika ce mini tsoro kike ji. Ni kuwa na maida abin wasa, na ce wace mace ke gudun miji ranar da ya kawo tsaraba. Na riƙe hannunki har ƙofarsa ina ba ki dariya. Ba wasa ba ne, Zuwaira. Rumbuna ne babu ko zangarniya, na kasa ciyar da baki biyu, kuma na ji kunyar faɗa.

Da kika rame, na sa miki suna Ƙafar Sauro. Kina murmushi. Me ya sa ba ki zage ni ba?

Da likita ta ce sida ce, ciwon ƙanjamau, na bi maƙwabta ina shirya musu labarin iskar da ta taɓa ki a bakin rijiya. Kin san na iya labari, har yau wasu ba su bi ta can. A gida kuma na ɗaura wa moɗarki jan zare don kada wani ya sha da ita. Kin gani, kika ci gaba da sha da ita. Daga baya aka gaya mini ba a ɗaukar ciwon ta moɗa.

Ran kasuwa na kai Nana awon jini, da rana tsaka, ta gaban masu taksi, kowa na kallo. Wadda ta tambaye ni, na faɗa mata sunan ciwon da ya kashe ki. Ba a samu komai a jinin Nana ba.

Zaren na nan, na kasa kwance shi. Amma da moɗar muke shan fura yanzu, ni da ita.

Allah ya ji ƙanki. Ki yafe mini in ana yafewa daga can.

Kakarki mai baki,
Iya Delu, Matameye