Shunin da Ya Ƙi Fita Daga Injin Madam

Da sunan Allah. Ni Cindo mai wanki, na Dakoro, nake rubuta wannan da hannuna a shekarar 1966, da cikakken hankalina, ko da yake uwarku Furera ta sha cewa rabi aka ba ni. Aji uku na yi a lakwal, makarantar boko, aka koro ni, inda harafi ya karkace ku miƙe shi. Lokotoro, wato likita, ya saurari ƙirjina ya girgiza kai, na kuwa gane.

Na ɗaya. Gona da awaki, liman ya raba muku yadda shari'a ta ce. Ba su kai a yi faɗa ba.

Na biyu. Injin wankin da ke bayan rumbu, gangar katakon nan mai hannun murzawa. Na ce muku Madam, matar kumandan, Baturen mulki, ta ba ni shi don ƙwazona. Ƙarya ne. Jefar da shi ta yi, na ɗauko a kan jaki.

Na uku, kuma dominsa na nemi takarda. Hama, shekara tara ba ka amsa gaisuwar ƙanwarka Lalla, ko bikinta ba ka zo ba, kana cewa ita ta jefa turkuɗin uwarku cikin injin, ita ta jawo mana komai. Ba ita ba ce. Ni ne. So na yi Furera ta ga zanenta ya sha wankin Nasara, sai na sace shi na kai bariki. Ni da wanki ne sana'ata, na manta ba a wanke turkuɗi. Shuni ya kama katakon, kashegari fararen kayan kumandan suka fito shuɗi. Da aka tsare ni, na ce 'yata Lalla da ke kawo mini fura ce ta yi. A gida ma na maimaita, har na dake ta.

Furera ta san inda ta ajiye zanenta, ƙasan akwati a kulle. Ta dube ni, ta yi yaji zuwa gidansu a Birnin Lalle. Na ce bari ta huce, sai Juma'a in je biko. Sanƙarau ya riga ni da kwana biyu, ya ɗauke ta.

Tun daga nan, duk farin da ya shiga injin da launinta yake fita. Na goge da toka, na goge da yashi. Wani lokaci kuma da azahar, gida ba kowa, nakan ji hannun yana juyawa a hankali. Ina ce wa kaina iska ce. Amma da na kira sunanta sai ya tsaya.

Na huɗu. Kada ku sayar da shi, kuma Bubakar autana, ba akurkin kaji ba ne. Ranar sadakar ukuna, Hama ya faskara shi da hannunsa, Lalla ta tuƙa tuwo da itacen, a raba da sunan uwarku, ba nawa ba.

Lalla, ubanki da ke sa kasuwa dariya ya kasa buɗe baki a gabanki. Ki yafe mini in kin iya. In ba ki iya ba, ban ga laifinki ba.

Allah ya yi muku albarka, ya ba ku 'ya'ya masu faɗin gaskiya da wuri. Ku riƙe juna. Hama, kai ne babba, kai za ka fara yin sallama a ƙofarta.